Aikin dare a Zariya: wace kamara ce ta fi gani a duhu, wacce ce kuma daidai aljihunka?

Wani yaro da ya koyi ɗaukar hoto a hannuna, wanda yanzu ya buɗe nasa shagon a Tudun Wada, ya same ni bayan la'asar ransa a ɓace. Ya nuna mini hotunan wani kamu da ya ɗauka da dare a cikin gida. Fuskokin duk sun yi yashi-yashi, hannun masu liƙi ya ja kamar hayaƙi, lallen amarya ma ba ya fita. Ya ce, "Oga, kamarar ce ta gaji ko hannuna ne?" Ya tara 'yan kuɗi, kuma shawara ta yi masa yawa. Wani ya ce ya sayar da ƙaramar Canon ɗinsa ya ciko ya sayi babba, wani ya ce wayoyin yanzu sun gama da kamara, wani kuma ya ce in ba Sony ba kada ma ya soma.

Aikinmu a garin nan rabinsa na duhu ne: dina, kai amarya, walimar sauka a zaure, zaman Maulidi, tafsiri bayan tarawihi. Ga shi ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar taro. Saboda haka ga duk mai irin ruɗanin yaron nan, ga yadda nake auna lamarin.

Abin da za a duba kafin a taya

Na farko shi ne faɗin sensa, wato farantin nan da ke cikin kamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Haske ɗigo-ɗigo yake zuwa, kamar yayyafi. Ka ajiye faifai a tsakar gida ana yayyafi na ɗan lokaci, za ka ga nan ya jiƙe, can bai jiƙe ba. Wannan rashin daidaiton shi ne yashin da kake gani a hoton dare. In ka shimfiɗa tabarma a maimakon faifai, ruwan da za ta tara ya ninka. A lissafi, sai hasken da aka tara ya ninka sau 4 sannan tsabtar hoto ke ninkawa sau 2. Shi ya sa kowane ɗan ƙarin haske ke da tsada.

Na biyu, kuma nan mutane suka fi ruɗewa, lambar ISO. Mai shago zai ce maka wannan tana kai 51,200, waccan 102,400, kamar dai ita ce ƙarfin idon kamara. ISO ba ya ƙara wa sensa haske ko ɗigo ɗaya. Murɗa sautin rediyo ne a kan tashar da ba ta kamu sosai ba: murya za ta ɗaga, shuuu ɗin ma zai ɗaga tare da ita. Abin tambaya shi ne, a wace lamba ce hoton ke nan da kyaun da za ka miƙa wa mai biki ba ka ji kunya ba? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na uku shi ne ƙofar lensi, lambar nan da ake rubutawa da f. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Zan dawo kanta, domin a ganina ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya.

Sai saitin fokas a duhu. Hoto mai ɗan yashi ana karɓarsa, amma wanda idon amarya bai fito ba ya tashi a banza. Daga nan sai kuɗi, da ƙarko a ƙurar hunturu da laimar damina, da batir, da sauƙin samun kayan gyara, da hatsarin sayen na hannu.

Yawan megafiksel ban sa shi a ma'auni ba, da gangan. Kamarar da Sony ta ƙera musamman don duhu, A7S III ta 2020, megafiksel 12 kawai gare ta, an kuma fitar da ita a kan dala 3,499.

Farashin naira yana bin dala ne, yau daban gobe daban, don haka na sa farashin da aka fitar da kowace kamara da shi. Na hannu ya sauka ƙasa da haka nesa, musamman tsofaffin. Micro Four Thirds, APS-C da ful-firem sunayen girman sensa ne, daga ƙarama zuwa babba. Mai madubi ita ce wadda madubin da ke cikinta ke kawo wa idonka abin da lensi ke gani, marar madubi kuwa ɗan allo ne ke nuna maka.

| Zaɓi | Faɗin sensa | Misali da farashin fitowa | Hotuna a caji ɗaya | Inda yake gazawa |
|---|---|---|---|---|
| Waya | yawanci murabba'in milimita 20 zuwa 50 | ya danganta da wayar | batirin wayar ne | abu mai motsi a duhu |
| Micro Four Thirds | 17.3 x 13, wajen 225 | Panasonic GH5, 2017, dala 1,999 | wajen 400 | hoton tsaye a ISO mai yawa |
| APS-C | 23.5 x 15.6, wajen 367 (na Canon wajen 332) | Nikon D3500 da lensinta, 2018, dala 500; Sony a6400, 2019, dala 900 | 1,550; 410 | lensin da take zuwa da shi |
| Ful-firem mai madubi | 36 x 24, 864 | Canon 6D, 2012, dala 2,099. Nikon D750, 2014, dala 2,300 | 1,090. 1,230 | nauyi, tsufa, bidiyo |
| Ful-firem marar madubi | 36 x 24, 864 | Sony A7 III, 2018, dala 1,999. Canon RP, 2019, dala 1,299 | 710. 250 | ƙura, batir, tsadar lensi |

Lambobin batir na gwajin masana'anta ne. A wurin aiki sukan haura ko su gaza, amma tazarar da ke tsakaninsu gaskiya ce.

Waya

Kada a raina ta. Sensarta 'yar mitsitsiya ce, amma tana da dabara: in ka danna a yanayin dare, hotuna da yawa take ɗauka a jere cikin 'yan daƙiƙu, ta haɗe su wuri ɗaya ta share yashin. Google ya fito da irin wannan a 2018, Apple ya biyo baya a iPhone 11 a 2019, yanzu kuwa har wayoyin matsakaicin kuɗi suna da shi. Megafiksel 50 ko 108 da ake rubutawa a kwali ma, a duhu wayar haɗe su take yi huɗu-huɗu ko tara-tara su koma wajen 12.

Dabarar tana aiki ne muddin abin da kake ɗauka yana tsaye. Ƙofar fada da fitilunta, kayan ɗakin amarya, mai tsire a gaban tukubarsa, duk za su fito. Da an fara guɗa mata sun miƙe, shi ke nan. Hannu ya ja, fuska ta yi sumul kamar an shafe ta da man kaɗanya, domin abin da wayar ba ta gani ba cikewa take yi da ƙiyasi. Ko wayoyin da aka sa wa sensa mai suna inci ɗaya, irin Xiaomi 12S Ultra ta 2022, ful-firem ta fi su faɗi kusan sau 7.

Ba ta da wahalar koyo, ƙura ba ta shiga cikin sensarta, mai gyara kuma yana ko'ina daga PZ zuwa Samaru. Hatsarinta biyu ne: ana sace ta cikin cunkoso, kuma darajarta na zubewa da sauri fiye da ta lensi.

Micro Four Thirds

Olympus da Panasonic ne suka fito da wannan tsari a 2008. Sensarsa kusan rubu'in ful-firem ce, don haka yashin da ful-firem za ta nuna a ISO 6,400, ita tun wajen 1,600 za ta nuna shi. Ga mai bidiyo akwai abin so: GH5 tana da abin hana girgiza a jikinta, kuma tana ɗaukar dogon karatu ba tare da ta yanke a minti 30 ba, abin da tsofaffin kamarori da yawa ke yi. In tafsiri ko wa'azi kake ɗauka a kan ƙafa uku da fitilarka, ta isa. Ga hoton biki da dare ba zan ba ka shawararta ba, kuma lensinta na hannu ba ya yawo a kasuwanninmu kamar na Canon da Nikon.

APS-C

Ita ce a hannun yawancinmu: Canon 600D ta 2011 da ƙannenta, Nikon D3500 da 'yan uwanta, Sony a6400. Ita ce kuma aka fi zalunta. Ana ɗora mata laifin da na lensi ne.

Lensin da take zuwa da shi, 18-55, ƙofarsa f/3.5 ce in ka buɗe shi, da ka jawo fuska kusa sai ta tsuke ta koma f/5.6. To ga lissafi. A ce kana ɗakin taro, kana buƙatar saurin ƙiftawa na 1/125 na daƙiƙa don kada motsi ya ja, kamara ta nemi ISO 12,800 a f/5.6. Wannan hoton ya lalace tun kafin ka danna. Cire lensin, ka sa mai f/1.8. Hasken da ke shiga ya ninka kusan sau 10. A wuri ɗaya, da sauri ɗaya, ISO ya sauko wajen 1,300, inda ko kamarar 2011 ke ba da hoto mai kyau. Lensin Canon 50 f/1.8 STM dala 125 aka fitar da shi a 2015.

Kwatanta da wanda ya sayar da komai ya sayi ful-firem, kuɗinsa suka ƙare, ya haɗa ta da lensi mai f/4. Sensarsa ta fi taka faɗi sau 2 da 'yan kai, amma ƙofarka ta fi tasa shigar da haske kusan sau 5. A jimlar hasken da aka tara, kai ne a gaba. Wannan shi ne abin da na fi so yaron nan ya gane, domin na sha ganin matasa sun ci bashi a kan jikin kamara sun bar ido a baya.

Akwai sharuɗɗa, kuma ba ƙanana ba ne. Lensi 50 a kan APS-C yana matsewa kamar 75 ko 80 a kan ful-firem, ɗakunanmu na cikin birni kuwa ba su da wurin ja da baya. Mai Nikon ya nemi 35 f/1.8G na DX. Ya kuma kiyaye: jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya fokas a jikinsu, don haka tsohon 50 f/1.8D mai araha ba zai yi saiti da kansa a kansu ba, sai da hannu. Mai Sony yana da Sigma 16 da 30 masu f/1.4. Mai Canon da ke son zuƙowa da buɗewa ba tare da rasa haske ba, akwai Sigma 18-35 f/1.8, sai dai nauyi da tsada. Sharaɗi na biyu: a f/1.8 abin da ke fitowa sarai siriri ne. Amarya ita kaɗai, madalla. Amarya da ƙawaye layi uku, na gaba ne kawai za su fito. Hoton taro sai ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6, nan kuwa babu sensar da za ta cece ka, sai filasha.

Wajen ƙarko, yawancin ƙananan nan jikinsu roba ne kuma ba a toshe su daga ƙura ba, amma batir da caja da murfi ba sa wuyar samu, kuma in ta faɗi asarar ba ta karya mutum.

Ful-firem mai madubi, ta hannu

Nan ne araha da inganci suka haɗu a yanzu, saboda masu hoto a Turai da Amurka suna komawa marar madubi suna sakin waɗannan. Ribar a fili take: lensi ɗaya, ƙofa ɗaya, abin da APS-C ke yi a ISO 1,600 ita za ta yi shi a 3,200 har da ɗan ƙari.

Wannan ƙarin yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu gwajin ƙasashen waje ke nunawa. Ango baƙi ne ko wankan tarwaɗa, yana sanye da farar shadda mai ƙyalli, fitila na dukansa daga sama, hula ta yi wa goshi inuwa. Kamara na ganin farin nan sai ta rage haske don kada ya ƙone, fuska ta nutse. Ka zo gyara a kwamfuta ka ɗaga fuskar, yashin da ke kwance a inuwa ya taso. Kuma duk sanda ISO ya hau, tazarar da sensa ke iya riƙewa tsakanin fari da baƙi raguwa take yi. Babbar sensa tana ba ka sararin ɗaga fuska ba tare da ta dagule ba, musamman in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. A wannan fage D750 ta fi 6D sarari.

Canon 6D kuma tana da nata. Wuraren saitinta 11 ne kacal, amma na tsakiyar yana kama fokas a duhun da ido ma ke wahala, kuma lensin Canon na hannu ya fi kowanne yawa a kasuwa. Raminta na kati ɗaya ne. D750 biyu gare ta, kana iya sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Wanda kati ya taɓa mutuwa a hannunsa washegarin ɗaurin aure ya san darajar wannan, domin biki ba a maimaita shi.

Batirinsu na kai ka tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Madubi da labulen da ke gaban sensa suna rage mata ƙura lokacin sauya lensi. Hatsarin shi ne shekaru. Labulen da ke ƙiftawa yana da iyaka: an ƙiyasta na 6D a kan ƙiftawa 100,000, na D750 a kan 150,000. Wasu na wuce haka, amma wadda ta kusa can dole kuɗinta ya sauka. A bidiyo kuma fokas ɗinsu ba ya bin mutum yadda ya kamata.

Ful-firem marar madubi

A tsabtar hoto, tazarar A7 III da D750 ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Inda ta yi fice daban ne. Tana gano ido ta bi shi, abin da ke sa f/1.8 ya zama abin dogaro ko mutum na motsi. Kana ganin hasken hoton a cikin maduba kafin ka danna. Tana da abin hana girgizar hannu, da ramin kati biyu, da bidiyo mai kyau. A kula dai, hana girgiza hannunka yake tsarewa, ba ya tsayar da mai rawa. Canon RP ta fi araha da sauƙin nauyi, tana kuma karɓar tsofaffin lensin Canon ta hanyar mahaɗi, amma hotuna 250 a caji na nufin batir uku a aljihu, ga kati ɗaya, ga babu abin hana girgiza a jiki.

Babbar damuwata da su hunturu ne. Ka cire lensi a waɗannan biyun, sensa ce tsirara ke kallonka. A watan Disamba ko Janairu, ko a filin hawan sallah da dawakai suka tayar da ƙura, sauya lensi sau ɗaya ya isa ya bar maka ɗige-ɗige a kowane hoto. Sai ka koyi sauyawa a cikin mota ko ɗaki, bakin kamara na kallon ƙasa, da ɗan famfon hura iska a jaka. Gyaransu kuma ya fi tsada, sau da yawa sai an aika wani gari.

Abu biyu da suka shafi kowa

Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kamarar da ta zo daga can takan zo a saitin can, sai ka ga bidiyo na rawa ko layuka na bin hoto a ƙarƙashin fitila. Mayar da ita tsarin bidiyo na PAL, firem 25 a daƙiƙa, sauri 1/50 ko 1/100. In janareta ne, ɗauki gwaji ka duba kafin taro ya fara, don ba kowane inji ke riƙe kaɗawarsa daidai ba.

Sai gwaji kafin biya, domin gani ya kori ji. Nemi adadin ƙiftawar da ta yi. Ɗauki farin bango a f/16 ka ga dattin sensa. Rufe lensi da murfinsa ka ɗauki hoton daƙiƙa 30, ka duba ko jajaye da korayen ɗigo sun yi yawa. Haska tocila cikin lensi ka nemi fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, wadda laima ke haifarwa. Sannan ka shiga lungu mafi duhu a shagon ka ɗauki fuskar mutum a ISO 3,200 da 6,400, ka buɗe a babban allo. Ƙaramin allon bayan kamara yana ɓoye aibi.

Wa ya dace da me

In hotunanka na gida ne, ko kina sayar da atamfa da turare kina sawa a WhatsApp da Instagram, waya mai kyau da fitila mai caji sun wadatar.

Ɗalibin da ke koyo, a Samaru yake ko Kongo, da duk wanda ke da APS-C a hannu yana kukan yashi: riƙe kamararka. Sayi lensi mai f/1.8 da filasha mai juya kai, ka koyi harba ta a silin ko farin bango hasken ya dawo a tausashe. Abin da na ce wa yaron nan ke nan, kuma kuɗin da ya tara sun isa har da batir na biyu da kati na asali.

Wanda biki ya zama sana'arsa, yana fita kowane mako, hoto ne kuma akasarin aikinsa: D750 in yana son kati biyu da sararin gyara, 6D in ya riga ya tara lensin Canon. Ya ware kuɗin lensi mai faɗin ƙofa tun kafin ya taya jikin.

Mai haɗa hoto da bidiyo a taro ɗaya, A7 III ko makamanciyarta, da sharaɗin zai iya sayen lensinta ya kuma kiyaye ta daga ƙura. Mai ɗaukar karatu da wa'azi na awa biyu a zaune, GH5 da fitilu biyu sun fi masa amfani. Wanda kuwa aikinsa na rana ne, hawan sallah, taron yaye ɗalibai, hoton fasfo a shago, kada ya biya kuɗin ganin dare: APS-C da lensi mai jawo nesa za ta kawo masa mahayin da ke can ƙarshen fili kusa fiye da yadda ful-firem za ta yi da lensin iri ɗaya.